Muna da tushen zane kuwa, kuma ta yaya ake ɗibarsa?

Wani matashi ɗan Funtuwa, da ke shekara ta biyu a sashen zane-zane na wata kwalejin ilimi, ya aiko da tambaya. Ya ce kullum malamansu na ce musu su koma tushe, su ɗebo daga al'adun gidajensu. Abokan karatunsa Yarbawa da Ibo sai su zo da hotunan sassaƙen kakanninsu da fuskokin dodanni, shi kuwa in ya waiwaya ba abin da yake gani sai dagin Arewa da raƙumi da Bafulatana ɗauke da ƙwaryar nono. Ya rufe da cewa: "Malam, mu muna da tushe kuwa a wannan harka, ko aro za mu yi ta yi? In akwai, ta yaya ake ɗibarsa?"

Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Wannan tambaya ta hana ni barci ni ma lokacin da nake ɗalibi a Zariya, kuma tun da na fara koyarwa ban ga ajin da wani bai taso da ita ba. Kashin farko amsarsa gajeriya ce: muna da shi, har ya fi ƙarfin abin da mutum ɗaya zai koya a tsawon rayuwarsa. Abin da ya rufe maka ido shi ne an saba maka da cewa zane shi ne abin da ake sa wa firam a rataye a bango. Namu kuwa a jikin bangon kansa yake, da ƙirjin babbar riga, da bayan ƙwarya, da tafin hannun amarya, da allon yaron da ya sauke Alƙur'ani. Kullum kana wuce shi a hanyar makaranta. Kashi na biyu, wato yadda ake ɗiba, shi ne mai wuya, kuma a kansa zan daɗe.

In tsufa kake nema don ka samu abin faɗa a gaban abokanka, ƙasar da kake takawa ba ta rasa ba. A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a kudancin jihar Kaduna ta yanzu, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. A 1943 aka nuna wa wani Bature mai suna Bernard Fagg wani kan, wanda aka kafa a gonar doya don tsorata masu ɓarna, sai ya lura hannu iri ɗaya ne ya yi su. Waɗannan kayan sun haura shekara 2000. In ka je gidan tarihi na Jos ka tsaya gabansu, ka dubi idon: kusan mai kusurwa uku ne, da huda a tsakiya. Cikinsu fanko ne, domin gina su aka yi kamar yadda ake ginin tukunya, kuma hudojin ido da hanci da baki suna ba iska hanyar fita a cikin wuta don kada yumɓun ya fashe. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa: siffar da ta fi burge mai kallo, larurar aiki tana da hannu a cikinta. A Birnin Kudu ta Jigawa akwai zanen shanu a jikin duwatsu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. A Dabus, arewa da Agadas, an sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, babban ya wuce mita 5. Mutanen da suka yi waɗannan sun riga mu zama a wannan ƙasa, gadonsu na duk wanda ke zaune a kanta ne.

Sai dai abin da zai fi yi maka amfani shi ne wanda masu yinsa ke da rai, wanda za ka iya zuwa ka durƙusa ka gaida gwaninsa ka tambaye shi. Na farko shi ne gini. Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840, yana nan a cikin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi. Da ƙasa da azarar giginya aka ɗaure bakan-gizonsa, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke ɗauke da rufin, kuma a jikin ginshiƙansa akwai zane mai zurfi, manyan layuka da da'irori, ba cunkoso. Duk ɗalibin zane a Arewa da bai taɓa tsayawa ƙarƙashin wannan rufi ba, da sauran karatu a gabansa.

Ni dai a wani zaure na cikin birnin ne idona ya buɗe. Ina aji biyu kamarka, aka aike mu mu zano gidajen gargajiya. Na tarar da wani tsohon magini yana sabunta fuskar zaure, yaransa na miƙa masa kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ba takarda a hannunsa, ba ma'auni. Ya ja da baya ya tsaya a tsakiyar titi yana duban ƙofar har na zaci ya manta da aikin, sannan ya hau tsani ya fara daga saman ƙofa. Yakan murza ƙasar ta yi kamar igiya mai kaurin yatsu biyu, ya manna, ya bi gefenta da babban yatsa yana matsewa. Na ciro littafina na nuna masa dagin da na kwana ina zanawa da rula. Ya ɗora yatsansa mai laka a kan layin, ya bi shi a hankali, ya tsaya a wata mahaɗa ya ce, "Yaro, igiyarka ta tsinke a nan." Gaskiyarsa. A dagi, in igiya ta bi ta sama a wannan mahaɗa, dole ta bi ta ƙasa a ta gaba. Ni na bi ta sama sau biyu a jere, domin kamanninsa na kwafa, ban san ɗauri ne ba. Sannan ya ce in dawo bayan la'asar in ga aikin. Da na dawo, rana ta karkata, kowane tudun layi ya jefa inuwa a gefensa, bangon da na bari da hantsi fari fat ba armashi ya zama kamar yana motsi. Ashe tun da ya tsaya a titi, inda rana za ta bi yake lissafawa. Rabin zanen nasa ne, rabi na inuwa.

Wannan ya bayyana maka dalilin da ya sa dagin da ɗalibai ke mannawa a tsakiyar ƙyallen fenti yake fitowa a mace. An raba shi da tudunsa da inuwarsa da ƙofar da yake wa rakiya, an bar shi tsirara kamar tambarin kamfani. Tun da aka ɗauke shi alamar Jihar Arewa a zamanin Sardauna, ya zama abin da kowa ke sa wa a ƙofar ƙarfe da kalanda da katin biki, kuma ba laifi, alama ce mai kyau. Amma wanda ya liƙa ta a zanensa ya ce ya koma tushe, sunan garin kawai ya faɗa, bai shiga ba.

Maginin nan ya san abin da kowane kaya ke yi. Makuba daga kwasfar ɗorawa ake samunta, ita ke ba bango wannan duhun ja kuma ta kare shi daga ruwa. Laso, shafen da ke hana ruwa shiga gini, ana haɗa shi da katsin marina da gashin jima da tsiron dafara. Ka duba yadda sana'o'i uku suka haɗu a shafe ɗaya: marini da majemi da magini. Launin tsohon birni daga nan ya fito, ba wanda ya zauna ya zaɓe shi a kanti. Mai zanen da ya gane haka, in ya zo haɗa fenti zai san wane ja yake nema.

Na biyu shi ne riga. Ka samu tsohuwar aska takwas ta aikin hannu, ka shimfiɗa ta a tabarma. Za ka ga zanen bai daidaita hagu da dama ba, kuma da gangan ne. Nauyinsa yana ɓangaren aljihu, a hagun mai sawa: askake biyu dogaye sun gangaro daga wuya, sauran shida uku-uku. A ɗaya ɓangaren ga tambari, da layin da ya kewaye shi ya haura kafaɗa ya faɗa baya. A shimfiɗe sai ka ga kamar ya karkace. Bari mai ita ya sa, ya naɗe hannuwan a kafaɗa, ya taka, sai komai ya zauna daram. An yi zanen ne don jikin da ke tafiya. Kuma kafin allura ta taɓa rigar, akwai mai zane, wanda ke fitar da hoton a kan ƙyallen da alƙalami da tawada, sannan masu ɗinki su bi. Da yawa daga cikin masu wannan zane da ɗinki almajirai ne da malamai. Hannun da ya saba da rubutun allo shi ke jan layin aska. Rigar kuma ba tamu mu kaɗai ba ce, Nufawan Bida gwanayenta ne, Yarbawan Ilori ma haka, fatauci ya yi ta yawo da ita ana ƙara mata.

Na ukun, wanda nake ganin ya fi kowanne zurfi kuma aka fi sakaci da shi a makarantun zane, shi ne rubutu. Ka roƙi wani alaramma ya buɗe maka gafakarsa ka ga Alƙur'ani rubutun hannu. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigon rawaya, alifin sadarwa ɗigon kore. Launi huɗu, kowanne da aikinsa, ba wanda aka sa don kwalliya kawai, amma shafin ya fi zanen zamani da yawa kyau. A gefe ga alamomin sumuni da rubu'i da nisfi da izu, kowace da irin da'irarta, ba kasafai biyu ke zama iri ɗaya ba. Sai allon zayyana na ranar sauka, inda mai zayyana ke raba fuskar allo gida-gida, ya bar wa rubutu filinsa, ya cika sauran da saƙar layuka. Duk abin da malaminka ke kira tsarin fili da daidaita nauyi da zaɓen launi, yana cikin wannan allo.

Kada ka ɗauka waɗannan gwanaye maimaita abin da suka tarar kawai suke yi. Da keke ya shigo ƙasar Hausa, magina sun ɗora shi a fuskar zaure. Mota ma ta hau, da agogo, da jirgin sama. Da siminti ya zo, sai suka koma tsaga zanen a jikinsa tun yana ɗanye, suka cika da fentin kanti, shuɗi da kore da ja, irin wanda ake gani a Kano da Zariya da unguwar Birni ta Damagaram. Masu ɗinkin hula har yau suna ƙirƙiro sabon yayi su raɗa masa suna. A garin Yama na jihar Tawa a Nijar, Alhaji Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa a 1962, ya dawo daga baya ya sake masa rufi, ya ƙara hasumiya huɗu da ba wadda ta yi kama da 'yar'uwarta, har ginin ya ci kyautar Aga Khan ta fasahar gine-gine a 1986. Ba a makarantar Turawa ya koyo ba. Daga cikin sana'ar ya tsaya ya ƙara mata. Saboda haka maganarka ta aro kada ta dame ka sosai. An ce kayan aro ba ya rufe katara, amma wannan ga wanda ba shi da nasa zanen a ƙasa ne. Maginin da ya sa keke a bango da hannunsa na gado ya murza shi, shi ya sa keken ya zama na bangon.

Yanzu bari in nuna maka yadda masu zanen zamani suka yi, domin hanyar ba sabuwa ba ce, kuma a Zariya aka share wani babban ɓangarenta. A 1958 wasu ɗaliban sashen zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 suka kafa ƙungiya. Cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Daga baya aka riƙa kiransu 'yan tawayen Zariya. Yawancin malamansu Turawan Ingila ne, manhajar ma ta can ce. Ba su ƙi koyon dabarun ba, sun koya sun ƙware. Abin da suka ce shi ne, ga 'yancin kai na tahowa, bai kamata a ce ɗan Najeriya bai iya zane ba sai da idon wani. Shawararsu ita ce kowa ya koma ga fasahar mutanensa ya yi mata karatun gaske, sannan ya bar ta ta gauraya da abin da ya koya a aji har su zama abu ɗaya. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, amma tasirinta na nan har gobe.

Ka dubi abin da Okeke ya yi. A Kafanchan ya tashi, amma ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, kuma mahaifiyarsa ta san shi. Bai tsaya tattara alamomin uli yana jerawa ba. Abin da ya ɗauka shi ne halin layin: siriri, mai tafiya a shaƙa ɗaya ba a komawa a gyara, da yadda matan ke barin fili fayau ya yi magana. Da wannan layi ya zana abubuwan da ba mai uli da ta taɓa zanawa. Da ya koma jami'ar Nsukka bayan yaƙin basasa, ya mai da uli darasi, har aka samu zuriyar masu zane da ake gane su da layinsu. Nwoko kuwa Nok ya nufa. A shekarun 1960 a Ibadan ya yi ta gwajin yumɓu da hanyar gashi don ya samu irin fatar tsofaffin kayan, wato ta ƙofar wuta da ƙasa ya shiga, inda na ce maka siffar ta samo asali. Daga baya ya koma gini, kuma a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta bikin gine-gine na Banis a Italiya.

Abin da ke ci mini rai shi ne, waɗannan mutane a tsakiyar ƙasar Zazzau suka yi wannan tunani, zaurukan birni na kallonsu, kowa ya koma gida ya haƙo nasa. Mu da muke da zaurukan, har yau ba mu yi wa namu irin hidimar da aka yi wa uli ba. Akwai masu ƙoƙari, ina ganin ayyukansu, amma aikin da ya rage ya fi wanda aka yi yawa nesa ba kusa ba.

Wanda labarinsa ya fi kusa da kai shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malami ne mai koyar da Alƙur'ani, shi ma da allo ya fara. Ya tafi Landan ya yi karatu a makarantar zane ta Slade daga 1954 zuwa 1957, ya dawo da gwanintar zana mutum da fili kamar kowane Bature. Ya baje kolin aikinsa a Khartum, mutane suka zo buɗewa don kara, daga nan ba su sake leƙowa ba. Wani zai ce jama'a ne ba su waye ba. Shi sai ya tambayi kansa me mutanen nan ke ratayewa a ɗakunansu, me idonsu ya saba da shi. Ya zaga, ya ga rubutun Larabci ne da adon faifai da na fata da allon sauka, wanda su ma suke ƙawatawa kamar namu. Sai ya fara sa ɗan rubutu a gefen zanensa, ya ga mutane sun fara matsowa.

Da a nan ya tsaya, da ya zama kamar mai liƙa dagi. Sai ya ci gaba. Ya shiga warware harafin kansa, yana jan wutsiyarsa, yana buɗe cikinsa, yana duban filin da ke tsakanin harafi da harafi, har fuskoki da dabbobi da jinjirin wata suka fara fitowa daga ciki. A ƙarshe za ka tsaya gaban zanensa ba kalma ɗaya da za ka karanta, amma duk wanda ya taɓa riƙe alƙalamin kara zai ji hannun mai rubutu a kowane layi. Launukansa ma na ƙasarsu ne, ja-ja da ƙasa-ƙasa da baƙi. A farkon shekarun 1960 an nuna aikinsa a Mbari, ƙungiyar marubuta da masu zane ta Ibadan, inda su Okeke da Nwoko ke kai-kawo, ka ga tafiyar ɗaya ce. Da ya manyanta ya yi jerin zane a kan itacen da suke kira haraza, wanda ba wani ba ne illa gawonmu, mai zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani. A 2013 gidan zane na Tate Modern a Landan ya baje kolin aikin rayuwarsa gaba ɗaya. Duk abin da ya ɗeba, akwai irinsa a tsangayar unguwarku.

Akwai kuma abin da ake asara a wannan hanya, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, Bagwariya ce da ta koyi ginin tukwane tun tana yarinya a wajen 'yar'uwar iyayenta. Da hannu take ɗaga randa, tana zagaya ta, sannan ta tsaga mata kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi a tsakanin layuka. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye tukwanenta, a gidansa wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya gan su. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya buɗe a Abuja ta da, wato Suleja, ita ce mace ta farko a wurin. Ta ci gaba da gina randunanta da hannu, amma da yumɓun da ke jure wuta mai tsanani, ana shafe su da ruwan ƙyalli. Suka zagaya Turai da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Kyansu ba a magana. Amma randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne saboda jikinta na tsattsafowa, iska na busarwa. Wadda aka shafe da ƙyalli ba ta tsattsafo, ga nauyi, ba macen da za ta ɗauke ta zuwa rafi. Ta tashi daga kayan aiki ta koma abin kallo. Ban ce kuskure ba ne, ni ma ina cikin masu tsayawa su yi ta kallonta. Ina so ne ka riƙa sanin abin da ka bari a baya duk lokacin da ka ciro wani abu daga mazauninsa, don ka san da me za ka cike gurbin.

Za a kawo muku labarin Picasso, shahararren mai zane ɗan ƙasar Sifen, a aji, yadda ya shiga gidan tarihin Trocadéro a Faris a 1907 ya ga fuskokin sassaƙa na Afirka, zanensa ya sauya. Gaskiya ne, kuma ya yi abin mamaki da su. Sai dai shi baƙo ne, siffa ya gani a cikin akwatin gilashi, ba wanda zai tambaya. Kai kana jin harshen masu abin, wataƙila ma kakanka ne. In ka tsaya a siffa kawai kamar baƙo, ka yi asarar abin da ka fi shi da shi.

Maganar surar abu mai rai, wadda na san tana zuciyarka ko da ba ka faɗa ba, ta malamai ce, ka kai musu. Abin da zan ce a fagena shi ne, kakanninmu da suka kauce mata ba su zauna hannu rabbana ba. Sun zuba basirarsu a layi da ɗauri da harafi har suka kai inda masu zanen Turai ba su fara leƙawa da gaske ba sai a ƙarni na 20. Kuma in za ka yi aiki da rubutu, ka kiyaye alfarmar ayoyi, kada ka sa su a abin da zai faɗi ƙasa ko a taka. Harafi da halin alƙalami sun ishe ka.

Ga abin da nake ba ɗalibaina, kai ma ka gwada a hutun nan. Ka zaɓi sana'a ɗaya tak, kada ka haɗa biyu. In rubutu ne, ka ajiye biro da burushi, ka fere alƙalami da kanka, ka dafa tawada da ƙaro, ka nemi mai zayyana ka zauna gabansa kamar kowane almajiri. In ƙwarya ce, ka je inda mata da masassaƙa ke ƙona mata zane da wuƙa mai zafi, ka ga yadda layi ke lanƙwasa don bin cikin ƙwaryar. In fata ce, dukawa na nan a Kano da Sakkwato da Damagaram. Ka tafi da goro ko ɗan abin alheri, ka gaida mutane yadda ya kamata, kada ka fara da ɗaga waya kana ɗaukar hoto. Ka tambayi sunan kowane zane ka rubuta, domin sunayen na tafiya tare da tsofaffin. Ka kwafa sau ɗari har hannunka ya daina tambayar idonka, ka bar gwanin ya nuna maka inda igiyarka ta tsinke.

Bayan wata uku sai ka rufe littafin kwafin, ka fita tashar motar Funtuwa da safe, ka zana abin da ke gabanka: 'yan achaba, da buhunan masara, da mai shayi da tulin kofunansa. Kada ka sa dagi ko ɗaya a ciki. Ka aiko mini da wannan tare da shafin farko na littafin kwafin, ina so in ga su biyun a jere.